Latas ɗina ya koma ɗaci, meye mafita?

Uwargida: Salam jama'a, na shuka latas a bokiti bayan kicin, da farko lafiya lau amma yanzu ya miƙe zoƙal-zoƙal kuma ganyen ɗaci, ko ruwa na cika masa?

Mai Lambu: Wa alaikissalam hajiya, zafi ne wannan. In rana ta masa yawa sai ya fara neman fure, daga nan ɗacin ke shigowa. Tuge shi kawai ki sake shuka inda inuwar yamma ke kamawa, ki riƙa tsinkar ganyen waje da sassafe ki bar na tsakiya.

Anti: Kafin nan dai jiƙa shi a ruwan sanyi, yana ɗan ragewa. In za ki haɗa shi don ci, sa man girki cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1, gishiri kuwa sai daf da ci don yana sa ganye yaushi.