Musayar waƙa: wa ya buɗe bakin duwatsun Maya, wato ya karanta tsohon rubutun al'ummar Maya ta Meziko da Guatemala?

Tsohon Ɗalibi:
Ku matso in ba ku labarin Yuri,
Knorozov mai karatu da haƙuri.
Yana Leningrad, garin ƙanƙara da ɗari,
Bai taɓa taka ƙasar Maya ba tukuna amma ya kwance sirri.
A 1952 ya fitar da nazari:
Alamun nan har da gaɓoɓi, sauti a jeri.
Haɗa "ku" da "tzu", ga talotalo da harshen Maya a sarari.

Gwaggon Yara:
Malam ka yi yabo ka tsallake Tatiana,
Proskouriakoff mai ido kamar rana.
Duwatsun Piedras Negras ta auna,
A 1960 ta fito ta nuna:
Haihuwar sarki da naɗinsa aka zana.
Maza na ƙirga taurari, mace ta gano masu suna!

Autan Zaure:
Allah ya ƙara basira Gwaggo! Wallahi kin gama magana.

Bagobiri:
Ni kari nake saurare. Malam, layinka na huɗu ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfinsa, gaɓa ta yi yawa. Kuma "sirri" da "ɗari" ba amsa-amo ɗaya ba ne a kunnena.

Tsohon Ɗalibi:
Bagobiri, kai ne Thompson na wannan zaure,
Baturen Ingila da ya ƙi, ya ɗaure.
Ya ga ƙananan kurakurai ya ce duka a ture,
Har ya rasu a 1975 ra'ayinsa na kulle.

Bagobiri:
"Kulle" da "zaure"? Malam, ka sake zamewa.
Ni ban ƙi Yuri ba, baitinka ke karyewa.

Autan Zaure:
Ku bar Malam ya huta. Ni Landa, limamin kirista ɗan Sifaniya, ke ci mini rai:
A garin Mani, 1562, ya cinna wa littattafan Maya wuta,
Yau huɗu kacal suka rage a duniya a karanta.

Gwaggon Yara:
Gaskiyarka auta, amma ji yadda Allah ke yi:
Landan nan ya ce da marubucin Maya, rubuta "be" mu gani,
Ya zana sawun ƙafa, don "be" hanya ce a harshensu,
Wannan jerin haruffa na Landa ne Yuri ya kama ya shiga gidansu.

Bagobiri:
Gwaggo, "yi" da "gani" fa?

Gwaggon Yara:
Ɗana, kawo naka baitin tukuna.

Tsohon Ɗalibi:
Ku yi haƙuri, wuta ce aka ɗauke tun jiya.
Sai 1990 Yuri ya sauka Guatemala da furfura,
Ya ga duwatsun da ya daɗe yana ji musu ƙara.
Bagobiri, ƙirga wannan, ina jira.