Neman shawara kan haɗa kwamfutar wasanni

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan na kasa yanke shawara kan kwamfutar wasanni da nake son haɗawa da kaina. Ina da babban allo (motherboard, wanda ake haɗa sauran sassan kwamfuta a kansa) samfurin B450 da RAM na DDR4, kuma kuɗin hannuna zai isa sayen furosesa Ryzen 5 5600 da katin hoto RTX 4060, amma na ji cewa sai an sabunta BIOS (manhajar da ke cikin allon, mai tayar da kwamfuta) kafin allon ya karɓi wannan furosesa, alhali tsohuwar furosesata ta ƙone. Shin akwai hanyar sabuntawa ba tare da ita ba? Sannan na'urar ba da wutata wat 450 ce, Nvidia kuwa, mai ƙera katin hoton, wat 550 ta ba da shawara. Ko dole ne in canza ta?