Wane hankici zan saya na rabon biki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata ya matso a Birnin Kebbi, ni aka ɗora wa kayan rabo. Hankici muka tsayar, dozin 20, da sunan amarya da ango a jiki.

Ga inda na maƙale. Na auduga yana shan gumi, ga zafin garinmu, amma mai buga suna ya ce rubutun kan dusashe da wanki. Mai santsin nan yana riƙe rubutu, sai dai ba ya share zufa. Surfani kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu.

Don Allah wanda ya taɓa yi, wanne ya fi? Kuma in saro a kasuwar Jega, ko in aika Kantin Kwari a Kano duk da kuɗin mota?