Lissafi ya ce buhu 19, gona ta ba da 16

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum. Na tattara bayanan gonakin masara 20 a ƙauyenmu, Excel ya fitar min da layin hasashe: y = 4 + 2.5x, inda x yake nufin buhunan takin da aka zuba, y kuma buhunan masarar da za a girbe. Kawuna ya zuba taki buhu 6, lissafi ya ce zai samu 19, amma 16 ya girbe. Kuskure na yi?

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Ba ka yi kuskure ba, ɗana. 19 ɗin nan matsakaicin abin da ake tsammani ne ga masu buhu 6. Giɓin 3 kuwa shi ne saura, ruwan sama da yanayin ƙasa duk suna ciki.

Tsohon Manomi: Kada dai ka saka buhu 30 ka ce 79 za a girbe. Bayananka ba su kai can ba, kuma taki in ya yi yawa ƙone shuka yake.