Wane wasan ban tsoro ya dace da mu?

Ɗan Rikkos: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne, daren Asabar muke zama wasan labari na kan tebur, ni ke jan labarin. Mun gaji da saran dodanni a Dungeons & Dragons, yanzu abin da zai sa tsigar jiki ta tashi muke nema. Labarin da ke kaina a kan tsoffin ramukan kuza ne na wajen Bukuru, waɗanda ruwa ya cika. Sai dai dayis ɗin lido kawai gare mu, kuma mutum biyu a cikinmu ba sa jure dogon karatun doka. Call of Cthulhu zan nema, ko akwai mai sauƙi?

Na Gangare: Wa alaikumus salam. In labarin zai ɗauki watanni, shi ɗin ne. Tun 1981 ake buga shi. Kowace gwaninta tana da maki cikin ɗari, ka jefa dayis, in bai wuce makinka ba ka ci. Daɗinsa makin hankali: duk abin firgicin da ɗan wasa ya gani yana zaftare masa hankali har ya zautu. Dayis mai fuska goma da wasan ke buƙata kuwa, manhajar waya ta wadatar.

Yayar Zaure: Ƙanena, kar ka biye masa. Mutanen da ba sa son karatu za ka miƙa wa takarda cike da lambobi? Kuma a wasan bincike, jifa ɗaya ta ƙi, sai a rasa bakin zaren, kowa ya koma danna waya. Nemi Dread. Babu dayis sam, katakan Jenga ake jerawa, ƙananan katakai ɗaya kan ɗaya har su zama dogon gini. Kana so ka leƙa cikin ramin? Zaro katako ɗaya. Ginin ya rushe a hannunka, an cire ka daga labarin. Na ga ƙato yana gumi cikin sanyin Disamba saboda katako guda. Aibinsa, wanda ya rusa da wuri sai zaman kallo.

Malamin Lissafi: Dayis ɗin lidon ma ya isa. Ten Candles na 2015 da mai fuska shida ake yi, guda goma. Kyandir goma ake kunnawa, duk jifar da ta faɗi a kashe ɗaya, kuma tun farko kowa ya san babu mai tsira. Na dare ɗaya ne tak.

Na Gangare: To ai shi ke nan, an kashe masa labarin a zama guda.

Malamin Lissafi: Shi ya sa nake tambaya. Ɗan Rikkos, dare ɗaya kake so ko dogon zango?

Ɗan Rikkos: A fara da ɗaya tukuna. Zan gwada Dread, in sun nemi ƙari mu koma Cthulhu. Yaya, teburina yana ɗan rawa fa.

Yayar Zaure: Sauke ginin ƙasa kan siminti, kuma a kashe fanka.