Shawarwari kan sanya kafar iska a tsohuwar a-kori-kura

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina da tsohuwar a-kori-kura wadda ba ta zo da na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma zafin da ke taruwa a gaban motar, musamman wajen ƙafafu, ya ishe ni. Idan na sauke gilashi, ƙura da ƙugin iska su hana ni sakat, idan na ɗaga kuma sai gumi. Ina tunanin yanka rufin in sa kafar iska mai murfi, irin wadda ake buɗewa da hannu. Waɗanda suka taɓa yi, wace iri ce ta fi, kuma a ina ya dace a sa ta?

Tsohon makaniki: Wa alaikumus salam. Malam, kafin zarto ya taɓa rufin nan, ka fara binciken hanyar da kamfani ya yi wa iska tun asali. Yawancin waɗannan motoci suna shan iska ta ragar da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, domin a nan ne iska take taruwa ta matsu idan ta bugi gilashi, sai ta kutsa ciki da ƙarfinta ba tare da fanka ba. Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 tana da 'yan ƙofofi a gefen ƙafafu, Land Cruiser samfurin 40 ma tana da nata a gefe, ita kuwa Land Rover Defender ba ta rabu da murafu biyun nan na ƙarƙashin gilashi ba sai a 2007. Abin da yake kashe wannan hanya sananne ne: ganye da laka su toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, tsatsa ta kama wayar da ke jan murfi, robar bakin murfin ta ruɓe, daga nan wani da ya riƙe motar kafin kai ya cusa tsumma ya manta. Ka cire ragar, ka kwashe dattin, ka zuba ruwa ka ga ko yana fita ta ƙasa, ka shafa wa wayar giris, ka sabunta robar. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa.

Direban dogon zango: Maganar Baba haka take, sai dai akwai ƙari. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita, kamar dai mai hura baki a cikin kwalba. Motocin baya-bayan nan suna da wani ɗan akwati mai leɓen roba a bangon bayan kujera, wanda yake buɗewa waje kawai, ya saki iskar ciki ya hana ta waje dawowa. Ana samun sa a jikin motocin da aka kwance, kuma ramin da yake buƙata ƙarami ne, a wurin da ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye. Ni shi zan fara sawa kafin in yi tunanin rufi.

Mai jigilar kaya: Ni kuwa shawarata ita ce gilashin baya mai zamewa. Babu yanka ƙarfe, ana cire tsohon ne a sa sabo a gurbinsa.

Tsohon makaniki: Ɗan'uwa, a nan kam ban bi ka ba. Iskar da ke bayan kan mota juyawa take yi a cikin bodi, saboda haka da ka buɗe wannan gilashi tana iya turo maka duk ƙurar da ke kwance a bodin ta bayan wuya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne hayaƙi: idan salansa tana da huji a ƙarƙashin motar, iskar kabon monoksaid tana iya biyowa, ga shi ba ta da wari ba ta da launi, sai dai direba ya ji ciwon kai da gyangyaɗi yana zaton gajiya ce. Duk wanda zai ƙara wa motarsa kafa, ko ta ina ce, ya fara tabbatar da lafiyar salansa tun daga bakin inji har ƙarshenta. Kuma kada kowa ya kuskura ya jawo iska daga ɗakin inji.

Mai gyaran bodi: Idan an yi duk waɗannan kuma har yanzu ana son ta rufi, wadda nake yabawa ita ce ta alminiyam mai buɗewa gaba da baya: a ɗaga ta gaba ta kamfato iska, a ɗaga ta baya ta zuƙe ta ciki. Akwai kuma mai juyawa irin ta Flettner, wadda iska ce take kaɗa ta, amma aikinta fitarwa ne kawai, kuma ta fi dacewa da motocin ɗaukar kaya rufaffu. Wajen yankan ne ake ɓarna. A sauke silin tukuna, a ga inda ƙarfen da ya gitta rufin yake da kuma wayar fitilar ciki, a zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe tsakaninsu. A manna tef a kan fenti, a zana, a huda kusurwoyi huɗu, sannan a yanka a hankali. Bayan nan a goge bakin da magagari, a share garin ƙarfen nan take, domin idan ya kwana da raɓa zai bar ɗigon tsatsa a duk rufin. Bakin da aka yanka a shafa masa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe sarai. Wajen liƙewa, ku guji silikon mai warin tsami, domin sinadarin da yake fitarwa yayin bushewa yana cin ƙarfe; gam ɗin foliyuretan ko tef ɗin butil sun fi. Ginshiƙan ƙofa kuwa ba a taɓa su, su ne ke riƙe da rufi idan mota ta kife.

Tsohon makaniki: Na koma kan zafin ƙafafu da Malam ya ambata. Kafar rufi ba za ta magance shi ba idan ta bangon da ke tsakanin inji da direba yake shigowa. Da dare ka sa fitila a ɗakin inji, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Duk inda haske ya ɓullo, robar wurin ta faɗi. Ka duba robar gindin giya ma. Idan ka sa mai zuƙe iska kafin ka toshe waɗannan ramuka, zafin inji da hayaƙinsa za ta riƙa jawo maka.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da salansa da ramukan bango, sannan ragar gaba da mafitar baya, rufi ya jira. Tambaya ɗaya ta rage ga mai gyaran bodi: ita ta rufin, yaya take da ruwan sama?

Mai gyaran bodi: A yayyafi ka juya buɗewar baya, ba za ta dame ka ba muddin motar tana tafiya. Idan ruwa ya yi ƙarfi ko za ka ajiye motar, ka rufe ta ruf. Ka kuma zaɓi mai raga daga ciki saboda ƙwari, sannan ka riƙa duba robar murfin, domin rana ce take fara busar da ita ta tsattsage.