Wace kalma za mu ba “duty-free” da Hausa?

'Yan uwa masu fassara, wannan kalma, wadda da ita ake kiran kayan da ake sayar wa masu fita ƙasar waje a kantunan filin jirgin sama, ta tsaya mini a wuya yayin da nake fassara wata sanarwa ga matafiya a nan Birnin Kebbi, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Fassarar da aka fi ji ita ce “kayan da ba haraji”, amma ni ban gamsu da ita ba. Haraji kalma ce mai faɗi, ta haɗa da na kasuwa da na albashi. Abin da ake ɗauke wa waɗannan kaya tun asali shi ne kuɗin da kwastan ke karɓa idan kaya za su ƙetare iyaka, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da kaya ta Kamba ya san sunansa kuɗin fito, daga fiton da masu kwalekwale ke yi, irin na Yawuri.

Wani abokin aiki ya ce mu kira shi “kantin ba-fito”, bisa tsarin ba-zata. Gajere ne, yana da daɗin faɗa, sai dai a rubuce fito yana kuma nufin giyar dawa, alhali giya na cikin manyan hajojin waɗannan kantuna a Dubai ko Landan. Ka ga sunan zai ƙaryata kansa.

Giyar ce ma ta sa nake jin tsoron kalmar “free”, domin mutane suna ɗaukar ta kamar izini ne. Tun shekarar 2006, bayan an bankaɗo shirin tarwatsa jirage da abubuwan fashewa na ruwa a Ingila, aka taƙaita abin da ke ruwa-ruwa a jakar hannu zuwa kwalabe da ba su wuce mililita 100 ba, kuma haka dokar take a yawancin filayen jirgi. Abin da aka saya a kantin filin jirgi, turare ne ko giya, yana iya zarce haka, amma da sharaɗin a rufe shi cikin wata leda ta musamman wadda ake gani ta cikinta, da rasit a ciki, kuma kada a ɓalle ta sai an isa. Wanda zai canza jirgi a hanya, in ya buɗe ledar, jami'an bincike na gaba suna iya ƙwace kayan. Giyar da ƙarfinta ya wuce kashi 70 cikin ɗari ba a yarda ta hau jirgi ba sam, wadda kuma ke tsakanin 24 da 70 ba a wuce lita 5 ga mutum ɗaya. Duk wannan dokar tsaro ce kawai. Saudiyya ba ta yarda matafiyi ya shigo da giya ba, mu ma a Kebbi da Zamfara shari'a ta haramta wa Musulmi ita, ko da wace leda aka zo da ita.

Saboda haka ina ganin a ce “kayan yafe-fito”, kantin kuma “kantin yafe-fito”. Kalmar yafe tana nuna cewa kuɗi ne hukuma ta bari, ba doka ta ɗage ba, kuma ba wanda zai karanta ta ya tuna da giyar dawa. Ledar kuwa “leda mai hatimi” ta wadatar. Da su zan miƙa sanarwar ranar Litinin, sai fa idan wani malami daga Gusau ko Argungu yana da wadda ta fi su zama a baki.